Idon da Na Je Nema da Kwabban Girkawa

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da maiɗakina da ƙanina wanda zai kai mu Abuja a motarsa. Ban yi sallama da 'yan masallaci ba, don ba na son a taru a kaina da addu'a kamar an kawo gawa. Liman kaɗai na raɗa wa cewa za ni London ganin likitan ido. Kafin mu kai Kwanar Dangora waya ta fara ƙara, ashe raɗar ta gama unguwa.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyar shafin nan ba, ni ɗan maƙeran fari ne, masu aikin azurfa da tagulla a cikin birnin Kano. Na yi boko, na koyar da aikin ƙarfe a kwalejin fasaha shekara talatin da 'yan kai, na yi ritaya. Shekara uku ke nan idona na hagu ya mutu murus. Na dama kuma yana ta tsukewa, har ya zama ina kallon duniya kamar mai leƙe ta cikin bututun famfo. Abin da ke gabana sak ina ganinsa, na gefe kuwa sai ya taɓa ni. Likitoci biyu a Kano sun ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce da za a kankare. Na ji su, amma ban yarda ba. A raina na ce ai akwai London. Labarin nan ma da baki nake faɗarsa, Hajiya maiɗakina ke bugawa, saboda haka duk inda kuka ga an yabe ta, ku san ba daga bakina ya fito ba.

Hanya iri biyu ce. Inda aka gyara, mota na tafiya kamar a kan tabarma. Inda ba a gama ba, sai a haɗa ku hannu ɗaya da tireloli, kuma ni ba na ganinsu sai sun cika mini ido. Kowace ta wuce sai na zabura, har ƙanina ya ce, "Yaya, ko ka koma baya ka kwanta?" Na ce ina nan. A Zariya muka tsaya karin kumallo, koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Na miƙa hannu zan ɗauki kofi na ture shi, kokon ya malale a kan benci. Hajiya ba ta ce komai ba, ta sayo wani ta danƙa mini a hannu. Shirun nan nata ya fi mini ciwo a kan a ce ta yi faɗa.

Mun kwana a Abuja, washegari da hantsi jirgi ya tashi. Ba ni da labarin sama, don taga ba ta da amfani a gare ni. Abincin jirgi dai na ci shi a kan amana, Hajiya na gaya mini wannan kaza ce, wannan burodi, wannan kuma ita ma ba ta san ko mene ne ba.

Muna fitowa daga jirgi sai ga wani ma'aikaci da keken guragu yana kiran sunana. Ashe 'yata ce ta nemi a tarbe ni da shi. Na ce masa ƙafata lafiyarta ƙalau, na wuce da ƙarfina. Ban yi taku ashirin ba na daki wani guntun turken ƙarfe da ƙaurina. Ma'aikacin yana biye da ni da kekensa. Haka muka yi ta tafiya, ni ina ɗingishi a gaba, keke a baya babu kowa a ciki.

'Yar tawa ita ce ta uku cikin 'ya'yana. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Bari in faɗi gaskiyar abin da ke tsakaninmu, don in ban faɗa ba sauran labarin ba zai fito ba. Na so ta karanta harhaɗa magunguna. Ta fara, ta yi shekara ɗaya, ta koma sashen tarihi. Daga nan ta samu tallafin karatu zuwa London, inda take digiri na uku a kan tsofaffin kwabban Girkawa. Ranar da ta gaya mini na ce, "Mutane na fama da na kashewa, ke kina bin waɗanda suka daina ci tun kafin zuwan Manzo." Ban hana ta ba, na sa mata albarka, amma shekara huɗu ban taɓa yi mata tambaya ɗaya a kan karatun ba. Lafiya, sanyi, salla, shi ke nan hirarmu. In abokai sun tambaya sai in ce tana karatun tattalin arziki.

Ita ta fara ganina. Na ji an riƙe mini hannu daga gefen da ba na gani, an ce, "Baba, sannu da hanya." Sai da na juya kaina gaba ɗaya na same ta. Ta rame. Ni ma na san abin da ta gani a fuskata, don muryarta ta sauya.

Jirgin ƙasa ɗaya muka shiga daga filin jirgi har Abbey Wood, inda layin ya ƙare. Tafiyar wajen awa ɗaya ce, rabinta a ƙarƙashin ƙasa. Jirgin tsaf, ba ƙara, mutane cike amma ko tari ba ka ji. A Kano in mutum hamsin suka zauna wuri ɗaya haka shiru, to rasuwa aka yi. Da muka doshi ƙarshen layi sai fatar mutanen ta fara komawa irin tamu, na fara jin Yarbanci a waya, wata mata na yi wa ɗanta faɗa da harshen da ban sani ba, shi kuma yana mayar mata da Turanci.

Ƙarshen kaka muka je. Ƙarfe huɗu na yamma an yi magariba, gari ya yi duhu. Ga mai ido irin nawa wannan hukunci ne, don da haske ya ragu nake komawa makaho sosai. Rana kuma ba ta fitowa, sai wani farin sama mai yayyafi, kamar an shanya jiƙaƙƙen zani a kan garin.

Flat ɗin nata a hawa na biyu yake, ɗaki biyu, ita da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos da ke aiki a babban asibitin Camberwell. Uwata ta bar mana ɗakinta ta koma kujerar falo. Yarinyar Jos ɗin, Allah ya yi mata albarka, ta dafa mana gwate ranar da muka sauka, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni. A kusa da tasha akwai shagon wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai sayar da doya da manja da garin tuwo. Da ta ji muna Hausa ta yi ta murna, ta dube ni ta ce, "Baaba, matanka ya yi ƙoƙari, shi ya kawo ka har nan." Hajiyata ta daɗe tana dariyar an mayar da ita namiji. Doya ɗaya a shagon, in ka juya kuɗinta zuwa naira, sai ka ji kamar ka gaishe ta ka ajiye. Shayi kofi ɗaya a tasha fam uku da wani abu, ruwan zafi da ɗan ƙunshin ganye. Daga ranar Hajiyata ta fara cika filas kafin mu fita.

Kwana uku da zuwanmu muka tafi asibitin ido a Marylebone. Unguwa ce ta manyan gidaje na jan bulo, kowace ƙofa baƙa ce mai sheƙi da ɗan allon tagulla a gefe. Na shafa ɗaya da yatsa muna jiran a buɗe, aikin zanen ya yi kyau. Ciki kafet ne mai laushi da furanni, ba warin magani ko kaɗan. Na ce a raina wurin da ya yi kyau haka ba zai rasa dabara ba.

Sun yi mini gwaji kala-kala. Akwai wanda za ka ɗora haɓa a kan wata na'ura kamar ƙwarya, a ba ka maɓalli, duk sanda ka ga ɗigon haske ka danna. Na zauna ina jira, haske bai zo ba. Na ji na'urar na ta ƙara alamar tana aiki, ni kuwa ban ga komai ba. Sai na fara dannawa da ka. Ni da na yi shekara talatin ina kama ɗalibai da satar amsa. Ma'aikaciyar ta taɓa kafaɗata a hankali ta ce in danna in na gani kawai, na'urar tana gane zato.

Likitan mutum ne mai natsuwa, mai furfura a gefen kai. Ya ɗora takardar sakamakon a tebur, na kusanto da ita. Da'ira biyu ce. Ɗaya baƙa ƙirin kamar gindin tukunya. Ɗayar ma baƙa, sai ɗan fari a tsakiya kamar ƙwayar gero. Ya fara bayani yana kallon Uwata. Na ce masa da Turanci, "Likita, idon nawa ne, ni za ka gaya wa." Ya ba ni haƙuri, ya juyo da kujerarsa. Ya ce jijiyar da ta mutu ba ta dawowa, ba a nan ba, ba a ko'ina ba. Ya ce likitocin Kano gaskiya suka gaya mini, maganin da suka ba ni ma daidai ne. Zai sauya ɗaya daga cikin magungunan ɗigawa, a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage. Na ce har yaushe? Ya ce ba zai iya yanke mini lokaci ba, amma in akwai abin da nake son gani, kada in jinkirta.

Mun fito ana yayyafi. Hajiya na ta "Innalillahi" a hankali. Uwata ta ce ta yi booking, ta kama mana tebur a wani wurin cin abinci a nan kusa. Na ce ta yi cancel, mu tafi gida.

Kwana huɗu ban fita ba. Ina salla, ina ɗiga magani, ina kwanciya ina fuskantar bango. Ba zan yi muku ƙaryar tawakkali ba. Na san komai na Allah ne, bakina na faɗa, amma zuciyata tana lissafin abubuwa: Alƙur'anina mai manyan baƙaƙe, fuskar jikokina, hanyar masallaci, da ranar da za a fara ja mini hannu zuwa banɗaki. Hajiya ta dama kunu ban sha ba. Na ji su a kicin ita da 'yarta suna magana ƙasa-ƙasa, in na yi motsi su yi shiru.

Rana ta biyar da safe Uwata ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, yau zan shiga makaranta. Ka raka ni mana."

Na ce, "In je in ga me?"

Ta ce, "Ba gani za ka yi ba. Ƙarfe ne, taɓawa za ka yi."

Hajiya ta riga ta ɗauko mini rigar sanyi, don haka ba shawara ake nema ba.

Makarantar a tsakiyar gari take. Muka hau bene zuwa wani ɗan ɗaki mai ɗumi, mai warin tsohuwar takarda. A nan malamar da ke duba aikinta take, wata tsohuwar Baturiya 'yar firit mai sanyin murya. Ta sa na wanke hannu na goge, ta zaunar da ni gaban tebur da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai laushi. Ta jawo wani faifan katako mai ramuka, kowane rami da kwabo a ciki. Ta ce waɗannan an ware su ne don ɗalibai su riƙa taɓawa.

Uwata ta zauna ta gefen damana ta fara bayani, da Hausa, karo na farko a rayuwarmu. Ta ce bayan Rumawa sun ci ƙasashen Girkawa, manyan kuɗi na zinariya da yawancin na azurfa sun koma na sarkin Rum. Amma an bar birane su ci gaba da buga kwabbansu na tagulla, na cefanen yau da gobe. Fuska ɗaya kan sarkin Rum ne, da sunansa cikin rubutun Girka. Ɗayar fuskar kuwa ta gari ce, su sa abin da suke tinƙaho da shi. Wani gari ya sa ɗakin bautarsa, wani kogin da ya ratsa shi, wani mutumin da ya kafa shi. Wasu kuma don tunawa da wani abu aka buga su: gasar tsere da kokawa, ko ziyarar sarki, ko sulhu tsakanin birane biyu. Ta sa mini ɗaya a hannu, na ji mutum biyu a tsaye sun haɗa hannu. Ta ce manyan birane irin Afisa da Simirna sun daɗe suna rigima a kan wane ne na ɗaya a yankin, kuma wanda ya ci su da yaƙi shi suke kai wa ƙara. Na ce ashe abin daɗaɗɗe ne. Na ji dariya ta fito mini, ta farko tun Marylebone.

Na tuna anini da kwabo mai huji na yarintarmu, da sunan sarkin Ingila da ɗan rubutun Larabci. Na tuna mahaifina yana zuba tsofaffin sulallan azurfa a kasko, kan sarki yana narkewa yana komawa awarwaron amarya. Na gaya wa malamar haka, ta dafe ƙirji kamar na ce mun yanka mutum. Na tambayi Uwata ina biranen yanzu. Ta ce da yawansu kufai ne a ƙasar Turkiyya, wasu ma ba don kwabban ba da ba a san an taɓa yin su ba. Kafin a cika shekara ɗari uku da haihuwar Annabi Isa duk sun daina bugawa.

Sai ta ɗauko guda biyu ta sa mini ɗaya a kowane hannu. Ta ce, "Waɗannan na wasu ƙananan garuruwa biyu ne. Ka ji mini su, Baba."

Sun ɗan fi murfin kwalba faɗi, masu nauyi, sun yi santsi saboda shan hannu. Bayan na dama tebur ne da kyaututtukan gasa a kai. Bayan na hagu wani mutum ne a kishingiɗe da tulu, ta ce kogin garin ke nan. Na juya su. Kan wani saurayin sarki ne a duka biyun, da ganye a ɗaure a kansa. Na bi wuyansa da babban yatsa, na bi ƙeya. A bayan kunnen na dama na ji wani siririn zare ya taso, ya tafi har baki, ya ratsa tsakanin haruffa biyu. Na koma na hagu. Zaren yana nan, wuri ɗaya, sai dai ya fi kauri, kuma kusa da baki ya yi reshe.

Duk wanda ya taɓa bugun ƙarfe ya san wannan. In aibi ya nutse ciki, kwabon ne ya ji ciwo. In ya taso sama, hatimin da aka buga shi da shi ne ya tsage, tagulla ta shiga tsagar. Na ce, "Uwata, hatimi ɗaya ya bugi waɗannan. Na dama aka fara. Na hagu daga baya ne, lokacin ƙarfen ya kusa rabewa biyu."

Ta ce, "Baba, garuruwan nan fa tafiyar kwanaki ce tsakaninsu."

Na ce, "To ko maƙerin ya yi tafiya, ko hatimin ya yi. Amma hannu ɗaya ne. Kuma mutumin ya san ƙarfensa ya tsage, ya ci gaba da bugawa. Ko an matsa masa biki ya ƙarato, ko sassaƙa wani zai ci masa lokaci."

Ta fassara wa malamar. Tsohuwar ta tafa hannu a hankali ta ce madalla, madalla.

Ranar na dawo gida ina jin kaina. A hanya na ce a saya mini soyayyen kifin nan nasu da dankali, na cinye tas, duk da ba yaji ba gishirin kirki. Na ba Hajiya labari sau biyu. Na kira ƙanina a Kano na ce masa Turawa sun shekara da abu a aljihun tebur ba su gane ba, sai da makaho ya zo daga Kano.

Washegari da safe ina neman kwalbar maganina a kan teburin karatunta, hannuna ya ture wasu takardu suka zube. Na durƙusa ina tattarawa. Ɗaya babba ce mai kauri, na kai ta kusa da taga na sa ɗan abin da ya rage mini na ido. Hoton kwabban nan biyu ne, an faɗaɗa su kamar faranti. A bayan kunnen kowane an zagaye da jan biro. Takardar ta tsufa, gefenta ya nannaɗe, har da shatin kofin shayi a kai.

Na daɗe a durƙushe. Abin da ya zo mini shi ne keken nan na filin jirgi. Ashe na hau shi ban sani ba.

Na kira ta. Ta shigo, ta ga takardar a hannuna, ta tsaya.

Na ce, "Tun yaushe kika sani?"

Ta ce, "Shekara biyu."

"Malamar taki ma ta sani."

"Ta sani."

Na ce, "Wato kun zaunar da ni kamar yaron da ake ba alewa ya daina kuka. Na kira ƙanina na yi masa burga. Uwata, ido na rasa, ban rasa hankali ba. Tun yanzu za a fara yi mini haka?"

Ta zauna a bakin gado. Na ɗauka haƙuri za ta ba ni, amma muryarta da ta fito ba ta mai ba da haƙuri ba ce. Ta ce, "Baba, ban ce maka ban sani ba, amma na bar ka ka ɗauka, wannan laifina ne. Wata huɗu na yi da gilashi da fitila kafin in ga tsagar nan. Kai ko shayi bai huce ba ka same ta. Wannan ba alewa ba ce." Sannan ta ce, "Kwana huɗu kana kallon bango, ban san abin da zan yi ba. Abin da nake da shi ke nan. Kuma shekara huɗu ina jira ka tambaye ni me nake yi a garin nan. Ko sau ɗaya."

Hajiya na tsaye a ƙofa, na ji numfashinta. Ina da amsoshi da yawa irin na iyaye, na duba ban ga wadda za ta tsaya ba.

Na ce, "Daga yau kada ki ƙara ɓoye mini abu don tausayi. Ko mai ɗaci ne, ki faɗa."

Ta ce, "To, Baba."

Na miƙa mata takardar. Na ce, "Bayan hatimin ya rabe, ina maƙerin ya tafi?"

Na ji tana jan hanci. Ta ce, "Ba a sani ba. Sunan mai garin da ya sa a buga yana jikin kwabon, na maƙerin babu. Shi nake nema. Ina bin salon hannunsa gari-gari, na same shi a wurare biyar, daga nan ya ɓace mini."

Na ce ta kawo sauran hotunan. Muka zauna a kansu har azahar, tana karanta mini, ina tambaya. Ban gano mata komai ba. Wasu tambayoyin nawa ma na ji a muryarta cewa na 'yan aji ɗaya ne, amma ta amsa kowace.

Sauran kwana shida da muka yi, kullum da safe sai mun yi wannan zaman. Sun kai ni bakin kogi, sun ce ga gada can, ga dogon agogo can, na ce na gani. Hazo kawai na gani da fitilun motoci.

Ranar komawa, a filin jirgi, na ce ta tsaya ƙarƙashin wata fitila mai haske. Ta tsaya. Na ja baya taku biyu don fuskarta ta shiga cikin ɗan abin da nake gani, na bi ta a hankali daga goshi har haɓa. Tana da ɗan tabo a gira tun faɗuwar da ta yi tana rarrafe, na manta da shi sai ranar. Sai ta gama karatu za ta dawo, shekara ɗaya da rabi nan gaba. Ni da ita duk mun san lissafin, ba wanda ya faɗa. Da ma'aikacin keke ya zo, na zauna.

Mun iso Kano da la'asar, zafi ya tarbe mu, na ji daɗinsa har ƙashi. Kafin magariba zaure ya cika da 'yan sannu da zuwa, kowa da tambaya ɗaya: an dace? Na shirya tun a jirgi zan ce da sauƙi. Da bakina ya buɗe sai na ce, "Ba a dace ba. Idon tafiya yake." Wani ya ce akwai Indiya, wani ya ce akwai wani mai magani a Gaya. Na yi musu godiya, na ce na gama yawo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, kuma ba mai daɗi ba ne. Likitan gida da ya gaya maka gaskiya, ka yarda da shi, ba sai ka ƙetare teku an maimaita maka da Turanci ba. Na kuma gane cewa na yi shekara huɗu da ido ban dubi abin da 'yata ke yi ba, sai da ya rage mini kamar ƙwayar gero. Wanda ke da ɗa ko 'ya a wani karatu da bai gane kansa ba, ya yi tambaya tun yana iya ganin amsar.

Da Hajiya ta zo kwance akwatina ta tarar da wani abu a naɗe cikin rigar sanyi. Kafin ta gaya mini ko mene ne waya ta yi ƙara, Uwata ce. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, akwai sanda a akwatinka. Fara ce, ta makafi. Likita ya ce gara ka koye ta tun kana ɗan gani. Ka ce kada in ƙara ɓoye maka."

Na ce na ji.

Tana nan jingine a bayan ƙofar ɗakina, ban fita da ita ba tukuna. Jiya dai da gidan ya yi shiru na ɗauko ta na warware. Alminiyam ce, gaɓa huɗu, da igiyar roba a ciki. Na bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya da yatsa ina neman inda aka yi ha'inci, ban samu ba. Na naɗe ta, na sake warwarewa, na taka da ita daga gado zuwa bakin ƙofa.